Azumin da Aka Hana Kasim Ruwa

Azumin bana ya zo da zafi, kowa a gidan nan sai ƙorafi. Jikokina tun hantsi suke baje a kan siminti, wai rana za ta kashe su. Ina zaune a ƙofar ɗaki na ji mai garuwa yana buga jarka a lungu yana neman mai saye. Ruwa ne da kansa yake bin mutane har gida. Ƙarar jarkar nan ita ta mayar da ni Makka, saman dutsen Nakkasa, shekarar da azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. An yi shekara goma da ɗoriya, amma in na tuna har yanzu sai na ji ƙishirwar ta dawo mini.

Ni da mijina muka je aikin Hajji muka zauna, kamar yadda mutanenmu da yawa suka yi. Shi ya rasu a can. Na ci gaba da zama ba iƙama, wato takardar zama, ba kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya mini, ina soya ƙosai da sambusa ina sayarwa, ni da maƙwabciyata Dije, mutuniyar Maraɗi. Ɗakunanmu suna can sama inda mota ba ta hawa, sai matakala wadda kowa ya ɗora tasa da bulo da ɗan siminti. Daga bakin ƙofata ana hango dogon benen agogon Harami, fitilunsa ba sa mutuwa.

Kafin wata ya kama aka zo aka shafa wa gidajen gindin dutsen jan fenti. Kalma guda ce da Larabci, ma'anarta a rushe. Motocin rusau suka fara ci daga ƙasa suna hawowa. Da suka tuge wayoyi, wuta ta ɗauke mana gaba ɗaya. Da suka farfasa hanya, motar ruwa, wadda a can ake ce wa wayit, ta daina isowa kusa. Sai ta tsaya can ƙasa bakin titi, mu sauka da jarkoki.

Wanda bai yi bazara a Makka ba wuta ba, bai san zafi ba. Dutsen yana shan rana tun safe, da yamma ya amayar da ita a jikinka. Ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa sai da tsumma. Ka jiƙa zane ka rufa, kafin ka juya ya bushe ƙarau. Na'urar sanyin da ke maƙale a tagata ta zama wurin shanya. Ƙurar bulo tana shiga haƙori, ga warin shara da babu mai kwashewa.

Ga yadda yinin yake tafiya. Mu yi sahur da tamis, burodin nan nasu mai faɗi, da shayi. In an sallame asuba mu ɗauki jarkoki mu gangara, mu bi layi har rana ta ɗaga. Mu hawo, muna hutawa a kowace kwana, jarka a ka, jarka a hannu, ga bakin azumi. Mu kwanta kamar gawa har azahar ta wuce. Da la'asar Dije ta daka wake ni in kunna tukunyar gas, mu soya, mu sake sauka mu sayar a ƙofar masallaci kafin a sha ruwa. Ruwan da muka wanke wake da shi, da shi za mu wanke kwano, shi za mu zuba a bayi. Ba a zubar da ko ɗigo.

A ƙasan ɗakina akwai wani tsoho Ba'indiye, tela, sunansa Kasim. Siriri ne ƙwarai, gemunsa fari tas. Kafilinsa ya mutu da daɗewa, takardunsa suka mutu tare da shi, ya hawo dutsen ya zauna cikinmu. Kekensa na ƙafa ne, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta tsayar da shi ba. Babu gidan da bai yi wa faci ba, kuma in ka ga ya karɓi wani abu, to kwanon abinci ne. Da guntun Larabci muke magana da shi. Yana ce mini Hajja Rabi, ina ce masa Baba Kasim.

Farkon azumin nan ya ga yadda rana take gasa mu a layin ruwa. Sai ya bi ya tattaro tsofaffin haramai da alhazai suka yar, ya wanke, ya haɗa su da keke, ya yi wata doguwar rumfa. Samari suka kafa mata ƙarafa a bakin titi. Duk wanda ya bi layi a shekarar nan, inuwar Kasim ya sha.

Wata rana da la'asar muna suya sai muka ji murya ta tashi daga ƙasa, mai kauri, mai cika wuri. Dije ta saki ludayi. Muka leƙa. Kasim ne tsaye a ƙofarsa, ya miƙe sambal kamar ba shi ba, yana magana da wani yare, idonsa a ƙasa kamar yana leƙa rami. Muryar ta hau, ta sauka, ta karye. Ban fahimci kalma ko ɗaya ba, amma sai na ji hawaye a kumatuna. Mai kuwa yana ta ƙonewa.

Da ya gama na ce, “Baba Kasim, addu'a ce?”

Ya yi dariya ya zauna yana haki. Ya ce ba addu'a ba ce, wasan kwaikwayo ne. Yaren kuma ba na finafinan da muke kallo ba ne, sunansa Marati, yaren ƙasarsu ne a bakin teku. Ashe kafin ya zama tela ɗan wasan dandamali ne. Ya yi shekaru yana yawo gari gari, kuma shi ne yake fitowa a babban mutumin wannan wasa.

Kwana da kwanaki yana ba mu labarin, kaɗan kaɗan, da Larabcinsa da hannuwansa. Wani mai haƙar rijiya ne, daga cikin mutanen da ake ƙyama a garinsu. Aka yi fari, rijiyoyi suka ƙafe. Shi kaɗai ya shiga ƙasa yana haƙa har ya tarar da ruwa. Da ruwan ya fito, mai gari da manya suka ce irinsa ba ya jefa guga a ciki, zai ɓata shi. Matarsa ta kwanta ciwo, ya roƙa, aka ce ya jira a zuba masa daga nesa in an ga dama. Ta mutu. A ƙarshe ya zo ya tsaya a bakin rijiyar, bai kula mutane ba, ruwan yake yi wa magana. Wannan maganar ce muka ji Kasim yana yi.

Na tambaye shi wa ya tsara wannan abu. Ya ce wani malamin makaranta ne, ba Musulmi ba, kuma ba daga cikin waɗanda ake ƙyamar ya fito ba, da idonsa dai ya ga an yi haka yana yaro, abin ya ƙi barinsa. Farkon da aka nuna wasan har jifan rumfar wasan aka yi. Daga baya ya zama abin da yara suke haddacewa a makaranta. Mutumin ya mutu tuntuni, amma babu shekarar da ba a yin wasansa. Kasim ya ce sau ɗaya ya taɓa ganinsa, ya tsufa, ya zo kallon wasan ya zauna can baya, kuma kafin a kai wurin maganar rijiyar ya tashi ya fita. Shi da ya rubuta ma bai iya kallo ba.

Dije ba ta iya riƙe bakinta. Ta ce, “Wannan mai garin naku ai Alhaji Tanimu ne sak!” Muka yi dariya. Kasim bai yi ba.

Alhaji Tanimu namu ne, Bahaushe, amma yana da takardu, yana jin Larabci kamar Balarabe. Shi yake kiran wayit, mu haɗa abin da ya sawwaƙa mu ba shi, shi kuma ya tsaya a bakin tiyo yana cewa wane matso, wane dakata. Tun da aka ɗauke wuta ya kwashe iyalinsa ya kai unguwar Utaibiyya, gida mai sanyi. Da safe yake zuwa a mota, farar jallabiyarsa ba ɗigon ƙura. Maganar Dije ta bi matakala ta sauka, daga wannan baki zuwa wancan, har ta isa kunnensa. Kafin ta isa ta zama wai Ba'indiye yana tara mata yana yi masa habaici.

A lokacin ruwa ya ƙara wuya. Wayit ta koma zuwa yau, gobe babu. Wata safiya layi ya kawo kan Kasim, ya ajiye jarkarsa, sai Alhaji ya sa ƙafa ya ture ta.

“Ya Hindi, ma fi moya,” ya ce. Wato babu ruwa. Sannan ya juyo gare mu da Hausa. “Ruwan nan na jama'armu ne. Ya je wajen 'yan'uwansa. Kuma ku kuna jin abin da yake karantawa da yamma? Surkullen masu bautar gumaka ne, a cikin watan azumi, a garin Allah. Ku ce masifa ba za ta sauko mana ba?”

Na ce, “Alhaji, ka ji tsoron Allah. Mutumin nan sahu ɗaya kuke bi da shi. Rumfar da kake tsaye a ciki wa ya ɗinka ta?”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Ke Rabi, wa ya san da zamanki a garin nan? Waya ɗaya zan buga.”

“Buga,” na ce. “In sun zo ni kaɗai za su kwasa?”

Ya sa aka mayar da jarkokina ƙarshen layi. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne layin. Maza da mata cike da rumfa, mutanen da Kasim ya yi wa facin riga da wando, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon jarkarsa. Wani dattijo da na san Kasim ne ya ɗinka likkafanin matarsa ya juya baya yana gyara hula. Na san tsoro ne, na san kowa yana da yara a sama suna jiran ruwa. Na sani. Har yau ban huce ba.

Kasim ya ɗauki jarkarsa ya fita daga rumfar. Bai tafi gida ba. Ya tsaya a gefe cikin rana har aka gama rabo.

Daga ranar ni da Dije muka riƙa rage namu muna kai masa. Ba ya karɓar fiye da na alwala da na buɗe baki. Amma kullum da safe sai ya sauko da jarkarsa ba komai a ciki, ya tsaya a wajen rumfar. Na roƙe shi ya daina.

“Baba Kasim, rana za ta kayar da kai. Ka zauna a ɗaki, mu za mu kawo.”

Ya ce, “Hajja Rabi, in na zauna a ɗaki, na yarda ke nan.”

Na ce to ya sha azumin, tsoho ne, Allah bai ɗora masa ba. Ya ce an riga an ce shi ba Musulmi ba ne, in aka gan shi yana shan ruwa da rana me za a ce? Ka ji inda maganar mutum ɗaya ta kai shi. Ya daina karatunsa na yamma. Yara da suke zama a ƙofarsa iyayensu suka hana su. Kekensa ma ya yi shiru, don ba mai kawo ɗinki.

A cikin goman ƙarshe aka turo sabon direba, Ba'indiye, mai jiki, gashinsa ya fara furfura. Yana jingine da mota injin yana ta ruri. Kasim yana tsaye a wurinsa, leɓɓansa sun tsattsage. Ban san abin da ya taso masa ba. Sai kawai ya ajiye jarkar, ya dubi ruwan da yake malala daga bakin tiyo yana bin ƙasa, ya buɗe murya. Maganar rijiyar nan ce. Muryar ta dushe amma ta fito, ta rufe ƙarar injin.

Alhaji ya ce, “Kun ji ko? Ga shi nan a gabanku!”

Sai injin ya mutu. Direban ne ya kashe. Ya taho a hankali, bakinsa a buɗe. Da Kasim ya kai wata gaɓa numfashinsa ya yanke, sai direban ya ɗauka daga nan, da yaren, kalma bayan kalma. Kasim ya juyo ya dube shi. Suka ƙarasa tare. Ƙaton mutumin nan ya kama kan tsohon ya sumbata yana kuka kamar yaro.

Ya juyo gare mu da Larabcinsa na direbobi. Ya ce wannan ba tsafi ba ne, a makaranta suka haddace shi, mahaifinsa ma ya taɓa ɗora shi a wuya ya kai shi kallo. Ya ce a ƙasarsu ko wanda bai iya karatu ba ya san maganar mai rijiya. Ya tambaya me ya sa dattijon yake tsaye a rana. Dije ce ta nuna Alhaji da baki.

Direban ya fizge tiyon daga hannun Alhaji, ya cika jarkar Kasim har ta yi ambaliya. Alhaji yana ta faɗa, yana cewa shi ya kira motar. Direban ya ce, “Ni nake tuƙa ta.” Ya saɓa jarkar a kafaɗa, ya bar motar da layin da Alhajin, ya bi Kasim har saman dutse.

Da yammar nan Kasim ya yi wanka, ya sa farar riga, ya zo ya zauna kusa da kaskonmu. Ya ci ƙosai da yawa bayan an sha ruwa. Yana ta maimaitawa, wai a nan, a bakin titin Makka, a samu wanda ya san maganar. Ya ce da malamin nan yana da rai da ya rubuta masa ya gaya masa. Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta ranar ba.

Da wayit ta sake zuwa, wani direban ne. Alhaji ya sa an canza. Kasim ya sauko ya tsaya a wurinsa. Ranar iska ko kaɗan babu, kwalta tana kama silifa. Rana ta ɗaga sosai sai na ji jarka ta faɗi. Na waiga na gan shi a ƙasa.

A nan ne maza suka tuna suna da hannu. Suka ɗauke shi suka shigar da shi inuwa. Jikinsa kamar garwashi, gumi ko ɗigo babu. Na ce a kai shi asibiti. Kowa ya yi tsuru tsuru, don duk wanda ya kai shi za a tambaye shi takarda. Mutum ɗaya ne a wurin yake da takarda, yake da mota, ga ta nan a fake. Na je na tsaya a gabansa.

“Alhaji, don Allah. Don darajar watan nan.”

Ya ce, “In ya mutu a motata wa zai amsa tambaya? Ba ruwana.” Ya shiga ya ja.

Muka hau da shi ɗakinsa a kan wani ƙyaure. Ni da Dije muka juye duk ruwanmu na ranar a jikinsa, muna jiƙa zane muna shafawa, muna yi masa fifita da kwali. Na ɗiga masa ruwa a baki, ya gangaro ta gefe. Bai farfaɗo ba. Ana kiran la'asar ya cika.

Aka sauko da shi bakin titi aka shimfiɗe, wani ya buga waya, kowa ya watse ya ɓuya. Ta tsagar bango na ga motar da ta zo ta ɗauke shi. Ban san wanda ya wanke shi ba, ban san inda aka binne shi ba. Ban san ko yana da wani a ƙasarsu da ya kamata a gaya wa ba. Ranar ba mu yi suya ba. Da ruwan da wata maƙwabciya ta ɗan tsiyaya mana muka buɗe baki.

Bayan Sallah jan fenti ya iso ƙofofinmu. Muka watse. Dije ta koma wajen 'yarta a Jidda. Ni na yi 'yan shekaru ina raɓe raɓe a unguwar Aziziyya ina wanke wanke a gidajen alhazai, har aka kama ni aka sa a jirgi aka dawo da ni gida.

Bara aka yi rasuwa a nan unguwarmu, ina cikin gida tare da mata, sai aka ce a gyara, wani babban baƙo daga Makka zai shigo gaisuwa. Sai ga Alhaji Tanimu, ya yi ƙiba, yana dogara sanda, turare yana tashi. Wanda ya rako shi yana ta zuba: wannan bawan Allah shi ne ya shayar da talakawanmu ruwa a Makka shekarar da aka yi rusau. Mata suna ta sa albarka.

Na ce, “Alhaji, ka gane ni? Rabi mai ƙosai, ta Nakkasa.”

Ya washe baki. “Allahu Akbar! Hajiya Rabi! Ashe rai kan ga rai. An sha wuya a shekarar nan, amma Allah ya taimake mu mun rufa wa juna asiri.”

Na ce, “Ka tuna Kasim?”

Ya ɗaga kai yana lalube. Na zuba masa ido sosai, ina neman alamar kunya ko ta ƙarya. Babu. Da gaske yake.

“Wane Kasim?”

Aka kawo masa kujera ya zauna. Matan gidan suna yi mini ido, wai gidan makoki ne. Na miƙe, na ja tabarmata har gaban kujerar, na ɗaga murya yadda na ƙofar gida ma za su ji.

Na ce, “Gyara zama, Alhaji. Yanzu za ka san shi.”